Tutar Da Ba A Ɗaga Ba

Mu muka zo na ɗaya, amma wanda ya leƙo ɗakinmu da hantsin nan zai ɗauka gaisuwar rasuwa ake karɓa.

Barewa na zaune a bakin gado, ko takalmin gudu ba ta cire ba. Ƙusoshinsa sun kakkarce simintin ɗakin tun daga ƙofa har inda take. Na miƙa mata robar ruwa, ta karɓa ta riƙe. Da na ga ba ta da niyyar sha na karɓe abina, ta bar hannun a yadda yake.

"Ke, wai lafiya? Mutane na can waje suna ihu saboda mu."

"Na ji," ta ce.

Ni Rediyo ake ce min, don bakina ba ya hutawa, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Tun shekararmu ta farko a jami'a ɗakinmu ɗaya da Barewa. A gudun miƙa sanda na mata huɗu ni ce ta biyu, ni ke damƙa wa ta uku. Saboda haka ba mai ba ni labarin abin da ya faru a kwanar filin nan, a hannuna ya faru.

Ga wanda bai san wasan ba, layi biyu ne a ƙasa. Dole sanda ta bar hannun mai kawowa ta shiga hannun mai karɓa a tsakaninsu. In ta wuce layi na biyu, ko da tsawon yatsa ne, alƙalin da ke tsaye a wurin zai ɗaga tuta rawaya, shi ke nan an kori ƙungiyar gaba ɗaya.

Ranar Barewa ce ta uku, ta kuma tashi da gudu da wuri. Na bi ta, na kwarma ihu, na miƙe har sai da kafaɗata ta yi ƙara. Amma da idona na ga layin ya wuce ƙarƙashin ƙafarta kafin sandar ta shiga tafinta.

Na tsaya ina haki, na juya ina jiran tuta.

Alƙalin na tsaye cikin farar rigarsu, tutar na hannunsa. Na ga hannun ya taso har kusan ƙugunsa. Sai kuma ya koma.

Alƙalin nan kuwa shi ne wanda Barewa take so ta aura.

* * *

A gasar da ta wuce suka haɗu. Gasa ce ta ɗaliban jami'o'in ƙasashen da ke maƙwabtaka da juna, ana ƙwallo, ana dambe, ana ninƙaya, ana gudu. Shi ɗan ƙasar da ke ƙetaren iyakarmu ne, yana karatun koyar da wasanni, ya kuma samu takardar alƙalanci tun yana aji biyu. Harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, in yana magana ba ka ce ba ɗan layinmu ba ne. Ni na sa masa Mai Tuta, sunan kuma ya bi shi.

Bai yi wasa da maganar ba. Ya turo kawunansa suka ƙetaro har gidan su Barewa. Abba ya shimfiɗa musu tabarma, ya karrama su, ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce ba zai kai 'yarsa ƙetaren iyaka ba. Bai kawo dalili ba. Umma ta yi tambaya, yayyenta sun yi, ba wanda ya samu amsa.

Tun daga nan soyayyar ta koma cikin waya da cikin bargo, ni ce mai gadin ƙofa.

A gefe kuma ga Likita, ɗan aminin Abba, shi ne likitan tawagarmu. Kyakkyawa, mai haƙuri, irin mutumin da iyaye mata ke so tun kafin ya buɗe baki. Umma kullum zancenta, "Ga na gida, me ake nema a wata ƙasa?"

Abin da ya fi ci min rai shi ne, Mai Tuta ya yi iya yinsa don kada haka ta faru. Ƙanwarsa ciki ɗaya ita ce mai gudun ƙarshe a ƙungiyar ƙasarsu, Barewa kuma ita ce mai gudun ƙarshe a tamu. Da aka ajiye shi a wurin miƙa sanda na ƙarshe, sai ya je wa shugaban alƙalai ya ce a canja masa, ƙanwarsa a nan za ta karɓa. Sunan ƙanwar kawai ya ambata, don ɗaya sunan ba na faɗa ba ne. Aka yaba masa, aka mayar da shi kwana ta biyu.

Da safen nan kuma idon sawun mai gudunmu ta uku ya kumbura. Koci ya ce ba za ta iya shan kwana ba, a ba ta miƙaƙƙen layin ƙarshe, Barewa ta dawo ta uku. Wurin da ba ta saba ba, a gaban mutumin da ya gudu don kada ya yi mata alƙalanci.

Ƙanwarsa ta zo ta biyu, da ƙirji kawai aka riga ta. Wadda ta yi gudu a layin kusa da mu ta ga komai, kocinsu ya kai ƙorafi, aka dakatar da raba lambobin yabo sai kwamiti ya zauna bayan la'asar. Kyamarar gasar a bakin layin ƙarshe kawai take. Don haka maganar mutum ɗaya ake jira.

"Ki cire takalmin nan mana," na ce da Barewa.

Ta sunkuya ta kama igiyar, ta tsaya tana kallonta kamar ba ta san yadda ake kwance ta ba. A haka aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka ce Likita na kiranta zai duba mata ƙafa.

Ni da ita duk mun san ƙafarta lafiya lau take.

* * *

Ɗakin duba 'yan wasa na warin man zafi. Wani ɗan dambe na kwance da ƙanƙara a goshi, Likita ya sallame shi, ya dube ni ya ga ba ni da alamar fita, ya ƙyale ni.

Wayarsa ya ɗauko. Shi yana da ɗabi'ar ɗaukar gudunmu don ya ga yadda kowa ke taka ƙafa. Ya kunna, ya tsayar da hoton daidai wurin, ya ajiye a gabanta.

Ga ni nan baki buɗe kamar kifi, ga sanda a iska, ga layi a bayan dugaduganta. Ga Mai Tuta a gefe, idonsa a kan sandar ƙur.

Barewa ta kalla ta ɗauke kai.

"Yaya Likita, me kake so in ce?"

"Ba na so ki ce komai, ƙanwata. So nake ki ga wannan." Ya danna, ya sake dannawa. "Na goge. Ba wanda ya gani, ba kuma wanda zai gani."

Ya kamata in ji daɗi, don lambar zinaren nan har da wuyana a ciki. Amma ni alherin da ake yi wa mutum ana leƙen idonsa ba ya kwanta min.

Ya ja kujera ya zauna, ya sassauta murya.

"Kin san a motata Abba ya zo. Duk tsawon hanyar nan zancenki muke. Ni ban taɓa matsa miki ba, kin sani. Na ji an ce akwai wani, na ja baya, na ce Allah ya zaɓa. Amma yau na ga wanin da idona."

Ya ƙara matso da kujerar.

"Ki yi tunani da kanki. Ƙanwarsa ce fa, nono ɗaya suka sha. Bana ce shekararta ta ƙarshe, wanda ya ci gasar nan shi ke tafiya ta nahiya. Ya tsaya yana kallo ya hana ta saboda ke. To gobe wa zai hana saboda wata?"

"Kai, Likita!" na ce. "Wannan kuma ai ba aikin asibiti ba ne."

Bai ko kalle ni ba.

"Ki ba ni dama in turo manya in mun koma gida. Ba yau nake son amsa ba."

Barewa ta miƙe. Fuskarta ba fushi, ba kunya, ba komai, kamar wadda aka tasa daga barci.

"Ƙafata lafiya, Yaya Likita?"

"Lafiya lau."

"To na gode."

Muna fitowa wayarta ta yi ƙara a hannuna, don ni nake riƙe mata. Na duba. Mai Tuta ne, ya ce yana bayan filin motsa jiki, inda ake jibge shingayen tsallake, don girman Allah ta zo.

* * *

Na zauna a kan wata tsohuwar katifar masu tsallen sama, nesa kaɗan, na juya musu baya. Kunnena dai ban juya shi ba.

Can na ji muryar Mai Tuta, ta dishe kamar wanda ya wuni yana talla.

"Barewa, ki ce wani abu. Ko zagina ne ki yi."

"Ka gani?"

"Na gani."

"Tun daga farko?"

"Tun tashinki na san kin yi wuri. Ina ta addu'a a raina Rediyo ta cim miki."

"To me ya sa ba ka ɗaga ba?"

Sai kuka ya ƙwace masa. Namiji ne tsayayye, na sha ganinsa yana korar ƙarti daga fili ko gezau, amma ranar nan kuka yake kamar yaro. Na waiga. Ya dafa shinge da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa.

"Wallahi na ɗaga a zuciyata. Hannuna ne ya ƙi. Na hango Abbanki a saman kujerun 'yan kallo, na san yau ne karo na farko da ya zo ganin gudunki. Na ce in na ɗaga, har abada ni ne ɗan wata ƙasar da ya kori 'yarsa don ƙanwarsa ta ci. Kowa haka zai ce. Kafin in gama wannan tunanin har kin sha kwana."

"Ban roƙe ka ba."

"Na sani."

"Da ka kore mu, da yanzu ina ɗaki ina kuka, gobe in warke. Yanzu ko kukan na nema na rasa."

Ya goge fuska da hannun riga.

"Ƙanwata ta zo ta same ni. Ba ta yi min faɗa ba. Cewa ta yi, 'Yaya, ka dube ni ka ce ba ka gani ba, ni kuma in yarda.' Na kasa. Ta juya ta tafi. Ta san da ke, ita ce ma ke tsokanata da ke a gida. Ba a jima ba Innarmu ta kira."

"Me ta ce?"

"Ta ce in dai wannan yarinyar ce ta sa na ci amanar jinina, kada in kuskura in kawo ta gidanta, ko a hoto."

Barewa ta jingina da tulin shingayen, tana kallon wasu 'yan jifan mashi da ke atisaye can nesa.

"In ka shiga gaban kwamiti me za ka ce?"

"Zan iya cewa rana ce ta kashe min ido. In na ce haka, sakamako ya tsaya, kun ci, ni kuma na rasa Inna da ƙanwata."

"In ka ce ka gani fa?"

"Za su tambaye ni dalili. Dole in kira sunanki a gaban koci-koci da shugabanni. Za su karɓe takardata, ba ni ba alƙalanci. A karɓe muku zinare, ke da 'yan uwanki uku da ba su ji ba ba su gani ba. Abba kuma ya ji a bakin duniya cewa bayan ya hana, ba mu bari ba."

Na san har da ni da ya ambaci 'yan uwa uku. Na tuna mahaifiyata da na riga na kira na ce ta sanar da dangi. Na ji haushinsa, na ji haushinta, na ji haushin ƙafata da ta kasa ƙara sauri. Amma ban ce uffan ba, abin da ba a saba gani ba.

"Duk ta inda na bi, gida ɗaya zai rufe mana ƙofa," ya ce. "Ni ban damu da takarda ba, Barewa. Ke nake tsoron rasawa. Na yi haƙuri da hanin Abba don ina da yaƙinin wata rana zai sauko. Ki dube ni don Allah. Ki faɗa min abin da zan yi, ko mene ne zan yi shi."

Ta dube shi. Hawaye na zuba a fuskarsa har cikin gemu, tata a bushe.

"Ina sonka," ta ce, a hankali, kamar mai karanta allon sanarwa. "Ban san inda ya shiga ba yau, amma na san yana nan. Sai dai ba ni aka ba tuta ba."

Ya buɗe baki ke nan wayar ta sake ƙara a cinyata. Na duba.

"Barewa," na ce, "Abba ne. Ya ce ki same shi a kujerun 'yan kallo."

* * *

Mun yi la'asar a gurguje muka hau. Filin ya watse, sai masu shara da masu kwashe kujerun alƙalai. Abba na zaune shi kaɗai da lemarsa a tsakanin gwiwoyi. Tsohon shugaban makarantar firamare ne, irin waɗanda in sun yi shiru kake jin kamar ka yi laifi.

Ba a gaban layin ƙarshe ya zauna ba, inda iyaye ke rububi. A saman kwana ta biyu yake, layin nan na daidai ƙasa da shi.

Muka durƙusa muka gaishe shi. Na yunƙura zan ba su wuri, ya ce, "Zauna, ɗiyata. Ai ke ma a hannunki aka yi."

A nan na san ya gani.

Sunan yankan Barewa na mahaifiyarsa ne, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Uwata, kin san abin da ya kawo ni garin nan?"

"Ganin guduna, Abba."

"Har da shi. Amma da don shi kaɗai ne, da can zan zauna." Ya nuna layin ƙarshe da lema. "Ummanki ta dame ni. Ta ce yarinya na ramewa, ga na gida ta ƙi kallo, in je in ga wancan ɗin da idona ko a huta. Kada ki ɗauka ban san kuna waya ba. Na koyar da yara tun kafin a haife ki."

Barewa ta sunkuyar da kai.

"Da safe na tambaya ina aka ajiye shi, aka nuna min, na zo na zauna a kansa. Na ga yadda yake gaishe da manya, na ga yadda ya janye wata yarinya daga rana. Na ce a raina, yaron nan ba laifi. Wallahi, Uwata, na fara saukowa."

Ya murza hannun lemar.

"Ban taɓa gaya muku dalilina ba, don ba na son tayar da maganar. Kin san kina da gwaggo da ta rasu kina goye. Ƙanwata ce, ita ke bi na. A ƙetaren iyakar nan na aurar da ita, ga mutumin kirki, mai sonta kamar ransa. Ta kwanta ciwo. Duk wanda ya zo daga can, saƙon mijin ɗaya ne, da sauƙi. In na samu waya na kira, da sauƙi, Yaya, kada ka wahalar da kanka da hanya. Ba mugunta ba ce. Tausayina yake ji, ya kasa ɗaga min hankali. Ni kuma na yarda, na zauna ina gyara jarrabawar yara."

Ya gyara zama.

"In na kai ki inda idona ba ya gani, ƙafata ba ta zuwa sai da takarda, ba ni da komai sai bakin mijinki. Ba mai sonki kawai nake nema ba, masu sonki suna da yawa. Wanda nake nema shi ne wanda zai iya faɗar abin da ba daɗi a lokacinsa, ko da zuciyarsa na tsagewa."

Ya nuna layin da ke ƙasa.

"Na ga kin wuce. Na ga ya gani. Na ga hannunsa ya taso, na ce alhamdu lillahi, na samu suruki. Sai ya mayar."

"Abba..." in ji Barewa.

"Da ya ɗaga tutar nan, Uwata, da yau kafin magariba na ce ya turo kawunansa."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Na dubi Barewa. Tana durƙushe, hannayenta a kan gwiwa, idonta a kan takalmin Abba, ko ƙiftawa ba ta yi.

Sai lasifikar filin ta yi ƙara, mai sanarwa ya yi gyaran murya. Ya ce kwamitin sauraron ƙorafi ya kammala zama kan gudun miƙa sanda na mata. Alƙalin kwana ta biyu ya tabbatar da bakinsa cewa an miƙa sanda a wajen layi. An soke sakamakon ƙungiyarmu, ta biyu ta koma ta ɗaya, an kuma dakatar da alƙalin.

Daga ɓangaren masaukin 'yan ƙasarsu ihu ya tashi.

Barewa ta ɗago. A karo na farko tun safe na ga wani abu ya motsa a fuskarta. Ta matsa da gwiwa ta kama gefen rigar mahaifinta.

"Abba, ka ji? Ya je ya faɗa. Ba wanda ya sa shi, ni ma ban sa shi ba. Bai san abin da ka ce ba, wallahi bai sani ba. Ya rasa takardarsa, ya rasa komai, ya faɗa. Abba, don Allah."

Abba ya daɗe yana kallon kanta. Ya ɗora hannu a kai.

"Mijin gwaggonki ma ya faɗa min gaskiya, Uwata. Ya kira ni yana kuka, bai ɓoye komai ba. Bayan sun dawo daga maƙabarta."

Ya dogara lema ya miƙe.

"Ba zan yi miki dole da kowa ba. Likita ya yi min magana, na ce sai abin da kika ce. In kin ga dama ki zauna a gabana har ki tsufa, ba zan gaji da ke ba. Amma wancan, a'a. Tashi ki raka ni mota."

Hannunta ya saki rigar. Abin da ya motsa a fuskar ya koma inda ya fito.

"To, Abba," ta ce.

Ta karɓi lemar ta riƙe masa, suka fara sauka a hankali, tana jiran ƙafarsa a kowace matakala.

* * *

Na bi ta ɗaya ƙofar don ba na son haɗuwa da Koci. A bakin ofishin kwamiti na ci karo da Mai Tuta. Sun karɓe farar rigar da katin wuyansa, daga shi sai 'yar shara. Idanunsa sun kumbura, amma fuskarsa ta washe kamar wanda zazzaɓi ya saka.

Yana ganina ya taho da sauri.

"Rediyo, ki yafe min. Na san na raba ki da zinarenki."

"Ba nawa ba ne da ma," na ce. Ban san zan iya faɗar haka ba sai da ta fito.

"Ƙanwata ta rungume ni. Na kira Inna, ta ce Allah ya yi min albarka, ta ce in kawo mata yarinyar ta gani." Ya yi wata 'yar dariya mai haɗe da hawaye. "Saura Abba. Na hango ku a sama tare da shi. Ya ji sanarwar ko?"

"Ya ji."

"Ya yi fushi na kunyata 'yarsa a gaban jama'a ko? Ba komai, wannan mai sauƙi ne. Zan je in durƙusa, ya zage ni, ya kore ni, in sake dawowa. Fushin uba a kan lambar yabo ai ba ya daɗewa. Ko ya kika gani?"

Can bakin babbar ƙofa na hango motar Likita. Ya buɗe wa Abba gaba, Barewa na tsaye a gefe da lema a hannu, tana kallon ƙasa.

Na so in yi masa ƙarya. Na so in ce da sauƙi, ka ba shi lokaci. Har maganar ta zo bakina, na tuna abin da na gama ji a sama, na haɗiye ta.

"Ba don ka faɗa ya hana ka ba," na ce. "Tun safe yana zaune a kanka, kai ya zo gani. Ya ce da ka ɗaga a lokacin, da yau ya ba ka ita."

Murmushin bai ma gama barin fuskarsa ba. Ya waiga ya dubi motar, ya ɗaga ƙafa kamar zai nufe ta, sai ya laluba bango da hannu ya zauna a kan matakalar ofishin.

"Tun safe?" ya ce.

"Tun safe."

Na zauna kusa da shi, muna kallo har motar ta fita daga ƙofa.